Kashi Uku Cif

"Wallahi ba ni da komai," Namadi ya ce wa ɗan bindigar da ya kira shi a waya. Jiya suka ɗauke ɗiyarsa Nazifa.

Bara amininsa Haladu ya ba shi shawara: "Raba dukiyarka kashi uku cif. Shanu a Zurmi, gero a Shinkafi, babura a Ƙaura. In ɗaya ya salwanta, biyu na nan." Haka ya yi, ko matarsa bai gaya wa ba.

Ɗan bindigar ya yi dariya. "Alhaji, saida shanun da geron, ka kawo baburan. Ba kashi uku cif ba ne?"

Namadi ya waiga. Haladu na zaune kusa da shi, ya zo jaje, yana jan carbi.