Ƙasa a Kwalba

"Baba, matsa kaɗan, warin gona kake," in ji Jalaluddeen, yana kaɗe rigarsa.

Daga Yamai ya zo Kore Mairuwa don ya sa mahaifinsa, Malam Jibo, ya sayar da gonar gado. Ya sha turaren paculi ɗan Faransa, wai ba na hancin ƙauyawa ba ne.

Sai ga kakarsa makauniya ta fito tana shinshina iska.

"Jibo, ɗauko iri! Ruwan shuka ya sauka, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa!"

Ta bi ƙamshin da sandarta har ta dunguri jikan.

Jibo ya kwashe da dariya. "Ashe ƙasar da kake ƙyama ce Nasara suka ɗura maka a kwalba, ka saya? Kama hanya. Tamu ba ta sayarwa ba ce."