Mai Man Gyaɗa da Jarkokin Feshi

Ki daina sunkuyar da kai, Hansatu. Don abokan sana'arki sun haɗa baki sun bar ki ke kaɗai, ba shi ke nuna ke ce a kan kuskure ba. Zauna in ba ki misali da wata mata.

A wani gari na manoman gyaɗa akwai ƙungiyar mata masu matsar mai. Su soya ƙuli-ƙuli su sayar a gida, man kuwa duk ranar kasuwa dillali ya zo da mota ya kwashe zuwa birni. Wata shekara bayan damina, wani mai sayar da kayan noma ya fito da tarin jarkokin da maganin feshin ƙwari ya ƙare a cikinsu. Roba mai kauri, murfi ba ya yoyo, ga araha kamar kyauta. Shugabar matan ta kwaso su duka ta rarraba, aka wanke da omo da toka, aka shanya a rana, aka ce sun fita tas. Cikinsu akwai wata da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Da aka miƙa mata tata, ta buɗe ta kai hanci, ta mayar da murfin, ta ajiye a gaban shugaba. Ta ce, "Yaya, roba tana shan abin da aka zuba mata. Ni ba zan sa abin da mutane za su ci a mazubin dafi ba." Matan suka kwashe da dariya, wata ta tambaye ta yaushe ta zama likita. Shugaba ta ji an kunyata ta a bainar jama'a, ta ce wadda ba za ta bi tsarin ƙungiya ba ta nemi motarta. Dillali ma ya ce shi jarka iri ɗaya yake lodawa. Matar ba ta roƙi kowa ba. Ta sayar da akuyarta ta sayo sababbin jarkoki biyu na abinci, ta tattara kwalabe ta tafasa su. Ba ta zuba mai sai ya huce, ba ta barin jarka a rana, kuma duk wadda cikinta ya ƙarce ko ta fara wari, ta sauke ta daga aikin abinci ke nan. Ranar kasuwa ta ɗora kaya a ka ta taka da ƙafa, motar dillali ta wuce ta da man sauran, suna leƙowa suna yi mata sannu da aiki. Cinikinta ya ragu har yayanta namiji ya zo ya ce ta dubi marayu ta je ta ba da haƙuri. Ta ce, "In sai da jarkar nan za a ci tuwo a gidana, to mu sha koko."

Wata uku ana haka, sai aka yi suna a gidan shugaba, aka soya waina da ƙosai da mai daga wata jarkar feshin da tun da aka cika ta ba a buɗe ba. Kafin la'asar mutane suka fara amai, wasu jiri ya kwashe su, yawu na dalala. Aka kwashi mutum sama da goma zuwa asibiti, har da mai jegon, 'yar shugaba ta cikinta, wadda ta kwana uku ba ta shayar da jaririnta ba. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Amma duba-gari suka zo suka haƙa rami suka tuttular da man ƙungiya gaba ɗaya, labari kuma ya riga su isa birni. Daga ranar, da mai saye ya ji sunan garin sai ya janye hannu. Har ita mai marayun da ba ta da laifi, mako biyu tana zuwa kasuwa tana dawowa da kayanta. A na uku ta tsaya tsakiyar layin 'yan mai, ta buɗe jarkarta, ta cika ludayi ta shanye mutane na kallo, ta goge baki ta zauna a wurin har rana ta karkata. Wata mai tuwo-tuwo ce ta fara saye, kafin a tashi kasuwa kwalba ko ɗaya ba ta rage ba. Da dillali ya dawo, ya ce man da ya bi ta hannun matar nan kaɗai zai ɗauka. Sai ga shugaba da sauran mata a ƙofar gidanta, suna so ta tsaya musu. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi jikin mai jego. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wuƙa ta miƙa wa shugaba, ta ce ta san akwai sauran jarkokin da aka ɓoye a rumbuna, a fito da su, kuma shugaba ta huda gindin kowace da hannunta kafin a yi maganar mai. Haka aka yi, a tsakar gida, yara da manya na kallo. Shugaba tana hudawa tana cewa ai da ta sani. Matar ta ce, "Kin sani, Yaya. Na faɗa miki."

Shi ya sa Hausawa suka ce, in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba.