Wayar da Ta Sauka a Kan Tabo

"To likita, in na'urar tana aiki, me ya sa har yau ba ya kai masallaci sai ya tsaya yana haki?"

Yaya Sallau ne ya yi tambayar, wan maigidana, a bakin ɗakin da aka kwantar da shi. Ni ina ciki, in ninke zanin gado, in warware, in sake ninkewa, kunnena yana waje. Tun kafin azumi aka sa wa maigidan na'ura a ƙirji, mai wayoyi har cikin zuciya, don ɓangarenta na hagu ba ya bugawa tare da na dama. Ƙafafunsa dai ba su daina kumbura ba. Yanzu an ce sai an sake shiga an matsar da waya ɗaya, shi kuwa ya ce ko kusa.

Likitan dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya ce wani manomi ne yake da shanun noma biyu. Na dama yana tafiya, na hagu kullum yana baya, garma tana karkacewa, kunyoyin gona suna fita kamar sawun maciji. Manomi ya yi ta tsikarar na hagun da sanda a ƙugu, sa ko waiwaye. Ya ƙara ƙarfi, ya sauya sanda, ga damina tana tafiya. Ran nan ya zauna hutawa, sai ya ga ƙuda ya sauka a ƙugun, sa bai motsa ba. Ƙudan ya tashi ya sauka wajen haƙarƙari, fata ta girgiza. Da ya matso ya duba, ashe tsohon tabon lalas ne a ƙugun, wurin ya mutu. Ya matsar da sandarsa taƙi guda. Taɓawa kaɗan, shanu suka jera.

Likitan ya ce haka wayar take. Lafiyarta ƙalau, amma ta sauka a kan tabon ciwon da zuciyar ta taɓa yi, naman wurin ba ya ji. Ko an ƙara mata wuta, banza ne. Sai an bi wata jijiya an kai ta inda naman yake da rai kuma yake makara.

Yaya ya gamsu, ya shigo ya hau ƙanensa da faɗa. Inna, mahaifiyarsu, ta yi kuka, kawunsu ya kawo wa'azi. Duk gani suke tsoron wuƙa ne. Ni kuwa na sha jin maigidan yana cewa ya wahalar da mutane, ya isa haka. Ya juya fuskarsa bango.

Da suka fita sallar la'asar na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na zuba ruwa a kofi ban ba shi ba. Can na durƙusa a gefen gadon, na ce, "Malam, ba ni kaɗai ba ce yanzu."

Ya juyo, ya daɗe yana kallona. Ya tambaye ni ko Inna ta sani, na girgiza kai. Sai ya ce in kira masa likitan.

Jibi za a shiga da shi. Yaya Sallau yana ta faɗa wa masu dubiya cewa faɗansa ne ya yi aiki. Ni dai ba wanda zai ji daga bakina, cikin fari ba abin faɗa ba ne. Na ja mayafina na rufe baki, don Hausawa sun riga sun ce: ba a nan take ba, wai an danne bodari ta ka.