Motar Masara

'Yan fashi suka fizgo direban daga mota, gindin bindiga ya sauka a bakinsa, haƙora biyu suka zube kan kwalta. Ɗayansu ya karya masa hannu da ƙarfen taya.

Shekara biyu yana zaman kashe wando, kullum shi da matarsa a durƙushe suna roƙon Yesu aiki. Shekaranjiya aka danƙa masa makullin wannan motar masara. Ga ta can tana ɓacewa da 'yan fashi huɗu.

"Ubangiji, ka ba ni ne don ka ƙwace?" ya ce, jini cike da bakinsa.

A asibiti matarsa ta ce, "Baban yara, mu yi addu'a." Ya juya mata ƙeya.

Sai ga ɗan sanda ya shigo. "Kai ne direban? An tare motarka a shingen sojoji, mil biyar gaba."

"Masarar fa, yallaɓai?"

"Wace masara? Buhu goma ne a sama, ƙasan duk bindigogi. Maigidanka ya cika wandonsa da iska. Sojoji ba su tsaya tambaya ba. Wanda ke riƙe da sitiyari suka fara harbewa."