Gurbin Goshi a Kogon Halwa

Ina da shekara tara Baba ya hau da ni dutsen da ke bayan ƙauyenmu, can wajen Tsafe. Bayan azahar ne, dutsen yana ƙona tafin ƙafa. Ni ke riƙe da butar ruwa, amma ya hana ni kurɓa ko sau ɗaya.

A can sama akwai wani kogo mai warin kashin jemage. Baba ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, alhali ba kowa a ciki. Ya nuna mini wani ɗan gurbi a dutse, sumul kamar cikin ludayi. Ya ce tun kafin Jihadi wani malami ya yi halwa a nan, goshinsa ne ya ci dutsen saboda yawan sujada. A al'adar garinmu, duk wanda ya hau sai ya cika gurbin da ruwa don tsuntsaye.

Na zuba ina hararar ruwan, na ce, "Baba, wa ya kulle shi a nan?"

Ya yi dariya. "Ba a kawo mutum wurin ga, ɗiyata. Da ƙafatai ya zo."

Bara 'yan bindiga suka hau da Baba kogon nan, ɗaure da igiya. Wani maƙwabcinmu da aka kama su tare, da ya kuɓuta ya ce ruwa cikin murfin jarka ake ba su a wuni, kuma Baba sai ya ɗiga wa gurbin kafin ya sha.

Baba bai sauko ba. Har yau ban yafe wa kaina hararar nan ba.