Ciwon da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Tun da aka kafa dokar, asibiti ba ya ba da magani sai na'ura ta san sunan ciwo. Sallau mai walda ya kai 'yarsa Hurera, ƙari ya fito mata a ƙwaƙwalwa.

"Baba, ƙwayoyin gadonta biyu ne suka manne," in ji likita. "Irin wannan ba shi da suna sai an samu mutum goma. Ita ce ta uku."

"Wato in roƙi Allah ya kwantar da 'ya'yan mutum bakwai?"

Likita ta rufe fayil ɗin Hurera.

Sallau ya shimfiɗa musu tabarma, shi da Hurera, a bakin ƙofar ofishin likitar, ya dube ta. "Ba zan roƙa ba, 'yar nan, kuma ba zan tashi ba. Kullum sai kin tsallake mu."