Akwatin Gawa Na Aro

Da misalin ƙarfe ɗaya na rana Gyamfi ya leƙa cikin akwatin gawar, ya ja da baya, ya ce shi fa ba zai shiga ba.

Gyamfi shi ne jarumin fim ɗin. Mako uku ke nan yana fitowa a matsayin mataccen attajiri mai tashi daga kabari ya sha jinin mutane, sai dai kullum ba ya sa'a. Yau ya ciji mashayi ya bugu, gobe haƙorinsa ya maƙale a sarƙar wuyan wata mai tuyar ayaba. An ɗauki duk waɗannan, an sha dariya. Saura wuri ɗaya tak, inda murfi zai buɗe gawa ta miƙe zaune, kuma da shi fim ɗin zai fara.

"Darakta, kawuna ya taɓa kwanciya a irin wannan da wasa, bai ga kakar doya ba," in ji Gyamfi.

"Kawun naka da ya haura tamanin?"

"Ko ɗari ya haura. Kai ka shiga mana."

Boakye, wato daraktan, bai shiga ba. Ya dubi mai kyamara, mai kyamara ya dubi rufi.

Akwatin na aro ne. Boakye ya yi kwana biyu yana roƙon kawunsa Adusei, kafinta a Bantama, kafin ya sake shi. 'Ya'yan wani ne suka sa aka ƙera wa ubansu, kamar yadda muke yi a Kumasi, suka bar shi ajiya a bayan shago. Adusei ya gindaya sharaɗi: kada ya ƙwarzane, kada kowa ya ji daga ina ya fito, kuma ƙarfe huɗu zai zo ya ɗauki abinsa, an gama ko ba a gama ba.

Tsohon rumbun ajiye 'ya'yan koko ne ake aikin a ciki. An toshe tagogi da buhuna don wuri ya yi duhu, zafi kuwa kamar a tanda. Ƙarfe biyu ta yi. Boakye ya roƙi mai riƙe fitila, ya roƙi direba, har mai kawo abinci ya roƙa. Ta ajiye dokunu, wato tuwon masara na ganye, da kifi, ta ce a gai da gida.

Sai wata murya daga bakin ƙofa ta ce, "Ni zan shiga."

Wani dattijo ne siriri, ramamme kamar wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba, da zane a kafaɗa da sanda a hannu. Tun safe yake zaune a benci, tun lokacin da mota ta sauke akwatin. Kowa ya ɗauka ɗan'uwan mai gadi ne.

"Nana, ka san abin da ake cewa kuwa?" in ji Gyamfi, da kiran girmamawa da muke yi wa dattawa.

"Na san shi tun ba a haifi uwarka ba. Matsa, dogon banza."

Boakye ya yi ɗan tunani. Daga ƙirji zuwa sama za a nuna, fuska kuma za ta sha farar ƙasa, wa zai gane? Serwaa mai kwalliya ta zaunar da dattijon, ta shafe shi fari fat, ta sa masa dogayen haƙoran roba, ta ɗiga masa zoɓo mai kauri a gefen baki.

Bai yi gaggawar kwanciya ba. Ya zagaya akwatin sau biyu, ya ƙwanƙwasa murfin, ya sunsuna katakon, ya ja hannayen ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ya murza farin yadin ciki tsakanin yatsu. Boakye yana ta kallon agogo, amma ba a hanzarta babba.

Da ya kwanta, kai ya taɓa sama, ƙafa ta taɓa ƙasa.

"Kai, Nana, kamar an auna ka!" in ji Serwaa.

"Uhm," ya ce, ya lumshe ido.

Aka rufe, kyamara ta fara aiki. Murfi ya ɗaga a hankali. Farar fuska ta taso, idanu a zare, hannaye a miƙe, har mai riƙe fitila ya matsa baya. Sai ƙurar farar ƙasa ta shiga hancin dattijo, ya saki atishawa, haƙori ɗaya ya yi tsalle ya faɗa aljihun mai kyamara. Wuri ya kaure da dariya. Boakye ya rungume Gyamfi, ya manta ma fushi yake da shi. Abin da yake nema ya samu, har da ƙari.

Dattijo ya ce a mayar masa da kaset ya gani. Tasowar ba ta dame shi ba. Inda yake kwance ido rufe ya sa aka tsayar, ya daɗe yana kallo.

"Ba laifi," ya ce.

Huɗu saura kwata Adusei kafinta ya shigo yana share zufa. Ya tarar da dattijo zaune daram a cikin akwatin, yana kurɓar ragowar zoɓon. Ya ƙura wa fuskar ido, sai ya dafe kai.

"Opanin Amankwa!" ya ce, wato Dattijo Amankwa.

Dattijo ya zare ɗaya haƙorin, ya miƙa wa Serwaa.

"Daina rawar jiki, Adusei. Ka aika wa 'ya'yan nan nawa da suka sa ka ƙera shi a ɓoye ina kwance a asibiti, ka ce na gwada, ya yi mini daidai, sai dai su ƙara haƙuri."